Babi na Huɗu: Maki Ɗaya a Kasabalanka

Duk wanda ya fara bin tseren motoci na Fomula 1, ko a gidan kallo a Birnin Kebbi ko a wayarsa a Gulma, ba ya daɗewa sai wata tambaya ta taso masa: ta yaya mutum zai zama zakaran duniya alhali wani ya fi shi yawan cin tsere? Tambayar tana da tushe, domin abin da ido ke gani shi ne wanda ya fara isa layi aka kaɗa masa tuta, sauran kuwa lissafi ne na takarda. Babu shekarar da wannan magana ta tsaya wa mutane a rai kamar 1958, kuma a nahiyarmu aka yanke ta, a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko, ranar Lahadi 19 ga Oktoba. A ranar Stirling Moss ya ci tserensa na huɗu a shekarar. Mike Hawthorn, wanda sau ɗaya tak ya yi nasara a kakar gaba ɗaya, ya zo na biyu. Da aka haɗa maki sai ga Hawthorn da 42, Moss da 41, kambu ya tafi ga Hawthorn. Ra'ayina shi ne hukuncin nan daidai ne, kuma Moss, wanda da bakinsa ya ceto makin da aka kayar da shi da su, bai yi wauta ba.

Kifi ɗaya ko kamun shekara

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, dubban masunta ne ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora a lokaci guda, kuma kyauta tana zuwa ga wanda ya fito da kifi mafi nauyi. Giwan ruwa ɗaya ya isa. Ba a tambayar abin da mutum ya kama jiya, ba a kuma haɗa ƙananan da ke cikin gorarsa. Amma in aka je wa Sarkin Ruwa da tambayar wane ne masuncin da ya fi kowa a shekara, amsarsa ba lalle ta faɗa kan gwanin ranar biki ba. Zai duba wanda kullum ya shiga ruwa sai ya fito da abin kai wa gida, da rani da damina. Tambayoyi biyu ne daban, kowace da amsarta, kuma Fomula 1 tana yin su duka biyun. Kowane tsere yana da gwaninsa da kofinsa a ranar. Gasar duniya, wadda aka kafa a 1950, an yi ta ne don amsa tambaya ta biyu.

Ga yadda ake rabon maki a 1958: na ɗaya 8, na biyu 6, na uku 4, na huɗu 3, na biyar 2, sai ƙarin maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri a tseren. A ƙarshen shekara sakamako shida mafi kyau na kowane direba ake haɗawa, a zubar da sauran. Kowa ya san wannan ƙa'ida tun kafin a tayar da injin na farko a Ajantina cikin Janairu, kuma babu wanda ya sauya ta a tsakiyar kaka.

Yadda aka zo Maroko

Moss ya fara shekarar da abin mamaki. A Ajantina ya tuƙa wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Cooper mai injin a baya, ya ƙi tsayawa canjin taya, ya kayar da manyan motocin Ferrari alhali tayoyinsa sun cinye har zare ya fito. Daga nan ya koma motarsa ta Vanwall, ta attajirin Ingila Tony Vandervell, ya ci Holan, ya ci Fotugal. Abokin aikinsa Tony Brooks ya ci Beljiyam da Jamus da Italiya. A wajen gudu Vanwall tana sahun gaba a shekarar. Cikas ɗinta shi ne rauni. A tsere goma da Moss ya shiga, biyar bai kai ƙarshe ba: Monako, Beljiyam, Birtaniya, Jamus da Italiya. Wani wurin injin ne, wani wurin giya, kuma a Beljiyam shi da kansa ya kuskure giya a zagayen farko injin ya tashi aiki.

Hawthorn kuwa yana tuƙa Ferrari ƙirar Dino 246, kuma sau biyu kacal mota ta ajiye shi a hanya, a Monako da Jamus. Ya ci Faransa, ya zo na biyu a Beljiyam da Birtaniya da Fotugal da Italiya, na uku a Ajantina, na biyar a Holan. Masu cewa sa'a ce ta ɗauko shi kan manta cewa sau biyar ya yi zagaye mafi sauri a kakar, wato mutum ne mai taka mota da gaske. Da haka aka iso tseren ƙarshe yana da maki 40, Moss yana da 32. Abin da Moss ke buƙata a bayyane yake: ya zo na ɗaya, ya yi zagaye mafi sauri, ya tashi da 41, sannan kada Hawthorn ya wuce na uku. Dalili kuwa, Hawthorn ya riga ya cika sakamakonsa shida, mafi ƙanƙanta a ciki maki 4 ne, saboda haka zuwa na uku ba zai ƙara masa komai ba. Na biyu ne kawai zai ɗaga shi zuwa 42.

Ranar Ain-Diab

Shekara biyu ke nan da Maroko ta karɓi mulkin kanta daga Faransa, tana son duniya ta gan ta a sabuwar riga, kuma Sarki Muhammad na Biyar ya goyi bayan shirya tseren. Filin da aka yi shi, Ain-Diab, titunan jama'a ne aka tare a yammacin Kasabalanka, ɓangare ɗaya yana bin bakin teku, ɗayan yana bin hanyar Azemmour. Tsawon zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita bakwai da rabi, za a yi zagaye 53, jimilla kusan kilomita 404, wato ya fi tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato da dawowa. Hanya ce mai gudu, iska na watso mata yashi daga gefe, kuma an haɗa da ƙananan motocin Fomula 2 don a cika fili, abin da ya sa manyan direbobi suka yi ta ratsa masu tafiyar hawainiya.

Hawthorn ne ya fi kowa sauri a gwaji, shi aka ba wuri na farko a layin tashi. Amma ana sauke tuta Moss ya wuce gaba. Phil Hill, matashin Ba'amurke da Ferrari ta ɗauko a ƙarshen kaka, ya bi shi a guje yana matsa masa, da fatan Vanwall za ta sake yin halinta. Ba ta yi ba. Moss ya ma gogi wata mota da yake ƙoƙarin wucewa, hancin motarsa ya lotse, ya ci gaba da tafiya. A bayansa Brooks ya yi aikin da ƙungiya ta ɗora masa, ya shiga gaban Hawthorn don ya hana shi matsayin da yake nema, har sai da injinsa ya fashe. Daga nan lissafi ya koma hannun Ferrari. Hill yana na biyu da tazara mai yawa, Hawthorn yana na uku. Aka ɗaga wa Hill allo daga rumfar makanikai, ya sassauta, ya jira, Hawthorn ya wuce shi. Moss ya isa layi cikin awa biyu da minti tara, ya ba na biyu tazarar da ta fi minti ɗaya, ya kuma ɗauki makin zagaye mafi sauri. Duk abin da ke hannunsa ya yi, bai bar ko ɗaya ba. Hawthorn ya zama Baturen Birtaniya na farko da ya ci gasar duniya, Vanwall kuma ta ɗauki kofin masu ƙera motoci, wanda a shekarar aka fara bayar da shi. Wannan ne kaɗai tseren gasar duniya da aka taɓa yi a Maroko.

Shin lissafin ne ya cuci Moss?

Ƙorafi na farko shi ne tazarar maki biyu tsakanin na ɗaya da na biyu ta yi kaɗan, tana saka wa mai lallaɓawa fiye da mai cin tsere. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma masu shirya gasar ma sun gane haka, domin a 1961 sun mayar da makin nasara 9, a 1991 suka kai shi 10. Da an ba da 9 a 1958 aka bar sauran ƙa'idojin yadda suke, da Moss ya tashi da 45, Hawthorn da 43. Amma a ɗauko ma'aunin da ake aiki da shi tun 2010, mai ba na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, na biyar 10, a haɗa dukkan tseren shekara. Nasarorin Moss huɗu da zuwansa na biyu a Faransa za su ba shi 118. Hawthorn zai sami 140. Har ma ƙa'idar nan ta sakamako shida Moss ta taimaka, domin Hawthorn ya tara 49 aka zubar masa da 7, shi kuwa Moss ba a zubar masa da komai ba. Ashe ba wani baƙon tsari ba ne na zamanin da ya haifar da wannan sakamako. Kusan duk ma'aunin da ke duba shekara gaba ɗaya zai lura cewa mutum ɗaya ya kai mota gida sau takwas, ɗayan sau biyar.

Za a iya cewa lalacewar mota ba laifin direba ba ne. Sau da yawa haka ne. Sai dai tseren mota tun asalinsa gasar mutum da inji ce a haɗe, kuma motar da aka ƙera don ta fi kowa gudu ta hanyar rage mata nauyi da matse injinta ta sayi gudun ne da ƙarko. Vanwall ta ci tsere shida da wannan ciniki, ba za ta karɓi ribarsa ta ƙi asararsa ba. A 2009 hukumar tseren ta duniya ta sanar cewa daga yanzu mai yawan nasara shi ne zakara, ƙungiyoyi suka ƙi, aka janye maganar tun kafin kaka ta fara. Tsari irin wannan yana iya ƙare gasa tun da sauran tsere da yawa, kuma yana mayar da duk wanda ba ya gaba ɗan rakiya.

Sassautawar Phil Hill

Ƙorafi na biyu ya fi zafi: ai ba Hawthorn ne ya ƙwaci matsayi na biyu ba, ba shi aka yi. Haka ne, kuma ba na ganin amfanin ɓoye cewa abin ba shi da daɗin kallo. Amma a tuna cewa a tseren nan Brooks ma umarnin ƙungiya yake bi lokacin da ya tare wa Hawthorn hanya. Kowane ɓangare ya zo da mataimakansa, na Ferrari ne motarsa ta kai ƙarshe. Shekara biyu kafin nan, a Monza, Peter Collins ya sauka daga motarsa ya miƙa wa Juan Manuel Fangio, alhali shi kansa yana da damar cin gasar, kuma yabonsa aka yi. An taɓa haramta irin wannan umarni bayan abin da ya faru a Ostiriya a 2002, inda Rubens Barrichello ya kauce wa Michael Schumacher dab da layi, amma a ƙarshen 2010 aka ɗage haramcin saboda babu yadda za a tabbatar da shi. Abin da Hill ya yi a bainar jama'a ya yi shi, doka ta yarda da shi, kuma Vanwall ta zo da niyyar yin irinsa.

Shaidar Porto

A nan ne zuciyar maganar take. Ranar 24 ga Agusta, wata biyu kafin Kasabalanka, an yi tseren Fotugal a cikin titunan birnin Porto, kan duwatsun daɓe da layin dogo na taragon cikin gari. Moss ya yi nisa a gaba. A zagayen ƙarshe motar Hawthorn ta juya ta fita daga hanya, injin ya mutu. Don ya tayar da shi sai ya gangara da motar ta fuskar da ta saɓa wa tafiyar tsere, injin ya kama, ya juyo ya ƙarasa a matsayi na biyu. Tafiya da mota a kan hanyar tsere ta baibai laifi ne mai sa a kori direba, kuma da yamma alƙalai suka zauna a kan batun. Moss, wanda ya riga ya gama yana zagayen komawa lokacin da abin ya faru, ya ga komai. Ya je gabansu ya ce motar tana kan gefen masu tafiya da ƙafa ne, ba a kan hanyar tsere ba. Alƙalai suka karɓi shaidarsa, Hawthorn ya riƙe maki 7.

A duba nauyin abin. Da an kori Hawthorn a ranar, da Moss ne zai bar Fotugal a gaba, yana da aƙalla 32, abokin hamayyarsa 30. A ƙarshen shekara kuma da Hawthorn ya tsaya a 39. Moss ya san da wa yake takara, ya san saura tsere biyu. Kuma babu wanda ya nemi ya yi ƙarya, shiru kawai zai yi ya koma masauki. Wannan ne ya sa har yau wasu ke cewa kirki ya yi masa yawa, ya ɗauki haƙƙin Vandervell da na makanikan da suka kwana suna ɗaure ƙusa ya yi kyauta da shi.

Ban yarda da wannan fahimta ba. Moss bai ba Hawthorn maki ko ɗaya ba. Hawthorn ya zo na biyu da ƙafarsa da motarsa, abin da ake shirin yi shi ne a ƙwace masa bisa zargin da Moss ya san ba haka abin ya faru ba. Mutumin da ya ga gaskiya ya rufe baki saboda kuskuren alƙali zai amfane shi ya ci abin da ba nasa ba, ko da bai furta kalmar ƙarya ba. Tarbiyyar da aka yi mana a gida da makarantar allo ba ta ɗauki ɓoye shaida ƙaramin abu ba, kuma dalilin ke nan: shirun mai shaida hukunci ne shi ma. Ƙungiya tana da haƙƙi a kan gwanintar direbanta da ƙoƙarinsa, kuma Moss ya biya wannan haƙƙi har da ƙari a Kasabalanka. Ba ta da haƙƙi a kan abin da idonsa ya gani.

Akwai kuma dalili na aiki, wanda ya wuce halin kirki. A 1958 babu kyamara a kowace kwana, babu na'urar da ke aika wa alƙalai bayanin inda mota ta taka. Abin da aka gani da ido da abin da direbobi suka faɗa, da su ake hukunci. In kowane direba zai faɗi abin da ya gani ne kawai lokacin da zai amfane shi, to maganar kowa ta zama banza, teburin maki kuma ya zama abin da babu mai yarda da shi. Waɗannan mutane suna tafiya taya da taya a gudun da ya haura kilomita 250 a awa, kowa ya miƙa ransa ga amanar na kusa da shi cewa ba zai matse shi ya kai shi ga bishiya ba. Wanda ya saba cin moriyar zaluncin da aka yi wa abokin tserensa a ɗakin alƙalai ya rage wa kansa wannan amana a kan hanya.

Sannan masu ɗora asarar kambun kan shaidar Porto sun tsinci dalili ɗaya ne a cikin da yawa. A tseren nan na Porto ɗin, makanikai sun ɗaga wa Moss allo suna sanar da shi cewa Hawthorn ya karɓe zagaye mafi sauri, ya karanta ba daidai ba, bai ƙara wuta don ya ƙwato shi ba. Da makin nan ɗaya ya dawo hannunsa, da lissafin ya juye, 42 gare shi, 41 ga Hawthorn. Giyar da ya kuskure a Beljiyam ma ta isa. A cikin duk abubuwan da suka raba shi da gasar, shaidar ita ce kaɗai wadda ya yi daidai, saboda haka bai kamata ita za a zaɓa a kira kuskure ba. Moss ya zo na biyu a gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1955 zuwa 1958, ya ci tsere 16, hatsarin da ya yi a Goodwood a 1962 ya kawo ƙarshen tuƙinsa a Fomula 1 bai taɓa ɗaukar kambun ba. Ya rayu har 2020, ya kai shekara 90, kuma duk lokacin da aka tambaye shi game da Porto bai nuna nadama ba.

Abin da teburin maki bai nuna ba

Ba a yi murna a rumfar Vanwall a daren Kasabalanka ba, kuma ba saboda maki ɗaya ba. Direbansu na uku, Stuart Lewis-Evans, ɗan shekara 28, injinsa ya cije ana saura kusan zagaye goma sha biyu, motar ta fita daga hanya ta kama wuta. Ya fito da kansa, amma kayan jikinsa suna ci. An ɗauke shi a jirgi zuwa asibitin ƙuna na East Grinstead a Ingila, ya rasu bayan kwana shida. Shi ne na uku da ya rasu a cikin manyan direbobin kakar. Luigi Musso na Ferrari ya mutu a Faransa cikin Yuli, a tseren da Hawthorn ya ci. Peter Collins, babban aminin Hawthorn, ya mutu a Jamus cikin Agusta, Hawthorn yana biye da shi a baya lokacin da motar ta kife. Vandervell ya janye ƙungiyarsa daga gasar a farkon 1959. Hawthorn ya ajiye tsere 'yan kwanaki bayan ya zama zakara, kuma ranar 22 ga Janairu 1959 ya mutu a hatsarin mota a kan titin Guildford yana da shekara 29.

Ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa ƙarfi da kuɗi sun rasa direbobi uku a cikin wata huɗu, kuma shekara ta zagayo aka koma kan hanyoyi masu bishiyoyi da turakun waya a gefe, direba yana zaune tsakanin tankunan fetur, babu bel, babu rigar da ke hana wuta ci. Me ya sa aka ɗauki wannan a matsayin abin da ba makawa, kuma su wane ne suka fara cewa a'a? Babi na gaba zai bi wannan magana daga Kasabalanka zuwa Beljiyam a 1966, inda wani matashi ɗan Sikotilan, Jackie Stewart, ya maƙale a cikin motarsa da ta lanƙwashe, fetur yana zuba a jikinsa, babu ma'aikacin ceto ko ɗaya a kusa.